Magangarar Marmore a Italiya: Tarihin ruwan da Rumawa suka haƙa wa hanya da abin da mai ziyara zai tarar

A tsakiyar ƙasar Italiya, kimanin kilomita 7 gabas da birnin Terni na yankin Umbria, akwai wani ƙaramin gari mai suna Marmore da ke zaune a bakin wani tsauni. Daga gefen garin ne Kogin Velino ke faɗowa daga tsayin mita 165, hawa uku, ya haɗu da Kogin Nera da ke gudana a cikin kwari. Hawan farko kaɗai ya kai mita 83. Mutanen ƙasar suna kiran wurin Cascata delle Marmore, wato Magangarar Marmore, kuma ana yawan ambatonta a matsayin magangarar ruwa mafi tsawo a duniya cikin waɗanda hannun ɗan Adam ya samar.

Baƙon da ya isa wurin bai duba jadawali ba yana iya tarar da jiƙaƙƙen dutse da ɗan ruwa yana zirara a jikinsa, har ya ɗauka ɓatan hanya ya yi. Dalili kuwa shi ne buɗe magangarar ake yi a kuma rufe ta. A mafi yawan sa'o'in yini, ruwan Velino yana bin manyan bututu zuwa tashar samar da wutar lantarki. Idan lokacin da aka tsara ya yi, sai a busa jiniya, a ɗaga ƙofofin ruwa, cikin 'yan mintoci kwarin ya cika da ruri da feshi.

Wannan tsari na buɗewa da rufewa shi ne mataki na baya-bayan nan a wata taƙaddama da ta haura shekara 2,200, tsakanin mutanen tudu da ke son ruwan ya bar gonakinsu da mutanen kwari da ruwan ke sauka a kansu. Majalisar Dattawan Rum ta zauna a kanta, masu mulkin cocin Katolika sun kashe dukiya a kanta, daga baya kuma masana'antu da gwamnatin Italiya suka gaje ta.

Asalin sunan da asalin matsalar

Kogin Velino yana tasowa ne daga tsaunukan Apennine, inda yake ratsa duwatsun farar ƙasa ya kwaso sinadarinsu a narke. Duk inda ruwan ya fantsama ko gudunsa ya ragu, sai sinadarin ya kwanta a kan tsakuwa da ganye da rassan itace, ya daskare ya zama dutse mai ramuka, kamar yadda farin ɓawo ke taruwa a cikin butar da aka daɗe ana tafasa ruwan rijiya a cikinta. Dutsen yana kama da wanda Italiyawa ke kira marmo, wato dutsen ado da ake sassaƙa da shi, kuma daga nan sunan Marmore ya samo asali.

Cikin dubban shekaru, wannan dutse ya taru a bakin tsaunin har ya zama tamkar ganuwa. Kogin ya rasa mafita sosai, sai ya bazu a filin da ke kewaye da birnin Rieti, wanda Rumawa ke kira Reate. Filin ya koma babban tabki da dausayi, wanda aka sani da Tabkin Velinus. Ƙasar noma ta nutse, kwantaccen ruwa kuma ya zama matattarar sauro. Mutanen da can suna ɗora laifin zazzaɓin da ke kama mazauna irin waɗannan wurare a kan warin dausayi, shi ya sa kalmar maleriya a harshen Italiyanci take nufin mummunar iska.

Wannan hali na ruwan Velino shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da ya biyo baya. Kowace magudana aka haƙa masa, shi da kansa yake toshe ta sannu a hankali. Saboda haka aikin bai taɓa ƙarewa ba, kuma duk lokacin da aka tashi yasa ko sabon haƙa, sai tsohuwar gardama ta farfaɗo.

Mutumin da ya fasa dutsen

Aikin farko ana danganta shi ga Manius Curius Dentatus, jagoran soja kuma ɗan siyasa na zamanin Jamhuriyar Rum. A shekarar 290 kafin Miladiyya ya ci ƙasar Sabinawa da yaƙi, wadda Rieti ke cikinta, aka kuma raba wani ɓangare na filayenta ga Rumawa. A shekarar 275 kafin Miladiyya ya kori Sarki Pyrrhus na Epirus a yaƙin Beneventum. Shi ne kuma ya fara aikin Anio Vetus, ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin da ke kai ruwan sha birnin Rum.

Marubutan Rum sun mayar da shi abin misali wajen gudun duniya. Sun ruwaito cewa jakadun Samnawa, abokan gabar Rum, sun kai masa zinariya don su saye shi, suka tarar da shi a bakin murhu yana dafa abincin talakawa da hannunsa. Ya mayar musu da kayansu, ya ce ya fi son ya mulki masu zinariya a kan ya mallake ta.

Shekarar da aka saba bayarwa ta haƙa magudanar ita ce 271 kafin Miladiyya. An fasa ganuwar dutsen da ke bakin tsaunin, aka tattara ruwan da ke warwatse a hanya ɗaya, aka tura shi ya faɗa kwarin Nera. Magudanar ta ci sunansa, ana kiranta Cavo Curiano. Tabkin ya janye, ya bar ƙananan tabkuna irin su Piediluco da Lungo da Ripasottile, waɗanda suke nan har yau. Filin Rieti ya zama ɗaya daga cikin wuraren da suka yi suna a Italiya wajen kiwo da noma.

Aikin yana da fuska biyu tun daga tushe. Ya rage cuta ya kuma buɗe gonaki, amma ya zo ne a bayan cin yaƙi, kuma ya ƙara darajar ƙasar da mai nasara ya riga ya mallaka. Mutanen da ke ƙasan tsaunin kuwa sun wayi gari da kogi biyu a hanyar da kogi ɗaya ya saba bi.

Rieti da Terni a gaban shari'a

Birnin Terni, wanda sunansa na da shi ne Interamna, ma'ana tsakanin koguna, yana bakin Nera ne a ƙasan magangarar. Idan ruwan sama ya yi yawa ko ƙanƙarar tsaunuka ta narke, Velino yakan zubo da ƙarfi, Nera ya cika ya tumbatsa, ambaliya ta shiga gonakin Terni. Abin da ya zama sauƙi ga Rieti ya zama nauyi ga maƙwabciyarta. Mutanen Rieti suna son a faɗaɗa magudanar, mutanen Terni suna son a taƙaita ta.

A shekarar 54 kafin Miladiyya maganar ta kai ga shari'a. Mutanen Rieti suka ɗauki Marcus Tullius Cicero, lauya kuma ɗan siyasar da ya fi kowa suna wajen iya magana a zamaninsa, ya tsaya musu. A wata wasiƙa da ya aika wa amininsa Atticus, Cicero ya ba da labarin cewa ya je Rieti ya kare su a gaban ɗaya daga cikin shugabannin jamhuriyar biyu da wakilai goma. A cikin wasiƙar ya bayyana cewa Curius ne ya fasa dutsen ya sake wa tabkin hanya zuwa Nera, kuma tana cikin tsofaffin shaidun da ake dogaro da su kan wanda ya yi aikin. Magudanar dai ta ci gaba da zuba bayan shari'ar.

Ranar da maƙwabtan suka haɗa kai

A shekara ta 15 Miladiyya, zamanin Sarki Tiberius, Kogin Tiber ya yi ambaliya ya shiga ƙananan unguwannin birnin Rum, ya rushe gidaje ya ci rayuka. Nera yana cikin manyan kogunan da ke ciyar da Tiber, don haka ruwan Marmore a ƙarshe ta tsakiyar babban birnin yake wucewa. Aka ɗora wa 'yan majalisa biyu, Ateius Capito da Lucius Arruntius, alhakin nemo mafita. Shawarar da aka kawo ita ce a karkatar da wasu koguna, a tare wasu tabkuna, domin a rage ruwan da ke isa Rum.

Masanin tarihi Tacitus ya adana yadda zaman Majalisar Dattawa ya gudana. Garuruwan da abin zai shafa sun aiko da wakilai. Mutanen Florence suka roƙi kada a juyar da Kogin Clanis zuwa Arno, domin garinsu zai halaka. Mutanen Terni suka ce idan aka rarraba Nera zuwa ƙananan rafuka kamar yadda aka tsara, gonaki mafiya albarka a Italiya za su nutse. Mutanen Rieti suka ƙi amincewa a toshe mafitar Tabkin Velinus, domin ruwan zai koma ya mamaye filayensu. Wakilan sun kuma kafa hujja da cewa kowane kogi an halicce shi da hanyarsa da iyakarsa, kuma al'ummomi suna girmama kogunansu a ibadarsu.

Majalisar ta karɓi ra'ayin wani ɗan majalisa mai suna Piso, cewa kada a canza komai. Tacitus ya kawo dalilai uku da ka iya jawo hakan: roƙon garuruwan, wahalar aikin, ko tsoron taɓa abin da ake ganin yana da tsarki. A wannan karon Rieti da Terni, waɗanda suka yi shari'a da juna shekara 68 kafin nan, sun tsaya a sahu ɗaya, saboda babban birni ya nemi ya kare kansa ta hanyar tura ambaliyar zuwa ƙofofinsu.

Zamanin mulkin Fafaroma

Bayan rushewar Daular Rum ta Yamma, babu hukumar da ke da ƙarfin yasar magudanar. Dutsen ya ci gaba da taruwa, hanyar ta ƙuntata, filin Rieti ya sake komawa dausayi, zazzaɓi ya dawo. Duk sanda Rieti ta yunƙura za ta buɗe hanyar, sai Terni ta hana. Terni tana da sansani a kan tsaunin Sant'Angelo da ke kallon wurin, kuma a farkon ƙarni na 15 rikicin ya kai ga ɗaukar makami tsakanin biranen biyu.

A shekarar 1422 aka haƙa sabuwar magudana, wadda ake kira ta Rieti, amma ba ta daɗe tana biyan buƙata ba. Da yake biranen biyu suna cikin ƙasar da Fafaroma ke mulka kai-tsaye, hukuncin ƙarshe ya koma fadarsa. A 1545 Fafaroma Paul na Uku ya ba Antonio da Sangallo Ƙarami aikin haƙa wata. Sangallo shi ne babban maginin da ke jagorantar ginin cocin St. Peter a Rum a lokacin. Ya rasu a Terni a 1546 yana kan wannan aiki. Magudanarsa ma ba ta wuce rabin ƙarni tana aiki yadda ya kamata ba.

Fafaroma Clement na Takwas ya sake ɗaukar matsalar a ƙarshen ƙarni na 16, ya ba Giovanni Fontana aikin. Fontana ya zurfafa tsohuwar hanyar Rumawa ya miƙar da ita, ya gina wata gada da aka tsara domin ta taƙaita yawan ruwan da zai wuce lokacin cikowa. An kammala aikin a 1601, kuma shi ne ya kawo wa Rieti sauƙi mai ɗorewa.

Sai dai nauyin ya koma kan wasu. Sabuwar hanyar tana zubo ruwa da duwatsu da ƙarfi a tsakiyar Nera, har ta zama kamar bango a gabansa. Nera ya kasa wucewa, ya riƙa komawa da baya yana mamaye gonakin ƙauyukan da ke saman kwarin, yankin da ake kira Valnerina. Mazauna wurin sun shafe kusan shekara 200 suna kuka. A 1787 Fafaroma Pius na Shida ya tura Andrea Vici, wanda ya yanka dutsen ƙasa a karkace, yadda wani ɓangare na ruwan zai shiga Nera a gicciye ya bi gudunsa maimakon ya tare shi. Wannan gyara shi ne ya ba magangarar siffar da ake gani a yau.

Matafiya, masu zane da tatsuniya

A ƙarni na 18 da na 19, 'ya'yan masu hali na Ingila da Faransa da Jamus sun saba yin doguwar tafiya zuwa Italiya domin cika iliminsu, kuma Marmore tana kan hanyarsu ta zuwa Rum. Mawaƙin Ingila Lord Byron ya ziyarci wurin a 1817, ya kuma siffanta shi a kashi na huɗu na doguwar waƙarsa Childe Harold's Pilgrimage, wanda ya fito a 1818. Wannan ya ƙara wa wurin suna a Turai, kuma dandalin da ke ƙasan magangarar yana ɗauke da sunansa a yau. Mai zanen Faransa Camille Corot ya zauna a ƙauyen Papigno da ke kusa a 1826, ya zana magangarar da kewayenta.

Mutanen yankin suna da tasu tatsuniyar. Wai Nera wata aljanar ruwa ce da ta kamu da son wani makiyayi mai suna Velino. Uwargijiya Juno ta fusata, ta mayar da ita kogi. Velino ya hango ruwan daga kan tsauni, ya zaci masoyiyarsa ce take nutsewa, sai ya faɗa domin ya cece ta. Jupiter ya tausaya masa, ya mayar da shi ruwa tun kafin ya kai ƙasa, don su haɗu har abada. Masu yi wa baƙi jagora sukan haɗa wannan labari da kasancewar Terni garin Waliyi Valentine, wanda ake bikin ranar masoya da sunansa a 14 ga Fabrairu.

Ƙarfe da lantarki

Ƙasar Fafaroma ta rasa yankin a 1860, ya shiga cikin sabuwar Masarautar Italiya da aka ayyana a 1861. Sabuwar gwamnati tana neman wurin da za ta kafa masana'antar makamai da ƙarfe, nesa da gaɓar teku inda jiragen yaƙin abokan gaba za su iya kai hari, kuma kusa da ruwa mai ƙarfi, tunda Italiya ba ta da wadataccen kwal. Terni ta cika sharuɗɗan. Aka gina masana'antar bindigogi, sannan a 1884 aka kafa kamfanin ƙarfe na Terni. Birnin ya bunƙasa har ake masa laƙabi da Manchester ta Italiya.

Ruwan da Terni ta shafe ƙarnuka tana ƙorafi a kansa ya zama jarinta. Tun kafin ƙarni na 19 ya ƙare aka fara jan ruwan Velino domin juya injuna da samar da lantarki. A 1929 aka buɗe tashar Galleto a ƙasan tsaunin. Tabkin Piediluco ya zama ma'ajiyar ruwan tashar. A ƙarshen shekarun 1930 aka gina madatsu a kan kogunan Salto da Turano, waɗanda ke ciyar da Velino, domin a riƙe ruwan damina a sake shi gwargwadon buƙata. Hakan ya rage haɗarin ambaliya a filin Rieti, amma ya nutsar da gonaki da wasu ƙauyuka a kwaruruwan biyu, aka sake gina wa mazaunansu matsugunai a kan tudu.

Masana'antun sun jawo wa Terni wata masifar. A Yaƙin Duniya na Biyu, tun daga 11 ga Agustan 1943, jiragen ƙawance sun yi ta yi wa birnin ruwan bama-bamai, suka rushe babban ɓangarensa. A 1962 gwamnatin Italiya ta mayar da harkar lantarki hannunta, ta kafa hukumar Enel, tashoshin yankin suka koma ƙarƙashinta. Bayan da aka buɗe kasuwar lantarki ga 'yan kasuwa a ƙarshen shekarun 1990, tashoshin sun sha sauya hannu tsakanin kamfanoni.

Samun lantarki ya zo da asarar magangarar kanta, domin ruwan da ya shiga bututu ba ya bin dutse. Mafitar da aka cimma ita ce yarjejeniya tsakanin hukumomin yankin da masu tashar, wadda ta ware sa'o'in da za a riƙa sakin ruwan ya bi tsohuwar hanyarsa. Kowace sa'a da magangarar ke zuba, lantarki ne ba a samar ba. Kowace sa'a da take rufe kuwa, masu masauki da gidajen abinci da jagororin baƙi ne ke rasa ciniki. Jadawalin da ake bugawa duk shekara sakamakon auna waɗannan buƙatu biyu ne.

A tsarin mulki ma kogin ya ratsa iyaka. An kafa lardunan Terni da Rieti a shekara ɗaya, 1927. Terni tana yankin Umbria, Rieti tana yankin Lazio, don haka duk wata shawara kan Velino tana shafar gwamnatocin yankuna biyu.

Yadda ake zuwa da lokacin da ya dace

Terni tana kimanin kilomita 100 arewa da birnin Rum, kuma jirgin ƙasa daga babbar tashar Termini yakan kai mutum cikin kusan sa'a ɗaya. Wurin yana da mashiga biyu. Ta ƙasa, Belvedere Inferiore, tana bakin titin da ya bi kwarin Valnerina, kuma motocin bas daga Terni suna tsayawa a nan. Ta sama, Belvedere Superiore, tana gefen garin Marmore, wanda ke da ƙaramar tashar jirgi a kan layin da ya tashi daga Terni zuwa Rieti. Ana biyan kuɗin shiga.

Abu na farko da mai ziyara zai bincika shi ne sa'o'in sakin ruwa, domin sun bambanta da sa'o'in buɗe ƙofar shiga. Jadawalin yana sauyawa wata-wata. A lokacin zafi, musamman Yuli da Agusta, ana sakin ruwan kullum, har da dare a wasu ranaku, inda ake haska shi da fitilu. A lokacin sanyi galibi sai ƙarshen mako da ranakun hutu. Ya fi kyau mutum ya isa kafin a busa jiniya, ya samu wurin tsayawa, ya ga yadda ruwan ke ƙaruwa daga zirara zuwa cikakken ƙarfinsa. Jiniyar gargaɗi ce ta gaske: duk wanda ke kusa da bakin kogi wajibi ne ya janye, domin ruwan yana hawa da sauri.

Hanyoyin ƙafa shida

An tsara hanyoyin ƙafa shida masu lamba a cikin wurin. Ta ɗaya ita ce mafi tsufa kuma tana cikin mafiya wahala. Tana haɗa mashigar ƙasa da ta sama, tsawonta bai kai kilomita ɗaya ba, amma hawan ya kai kimanin mita 150, da matakala kusan 600. A tsakiyarta akwai wani rami da aka fafe cikin dutse, mai tsawon kusan mita 50, wanda ke fita a wani ɗan dandali da ake kira Barandar Masoya. Dandalin yana dab da hawan farko, kuma idan ruwan yana sake babu mai tsayawa a wurin ya fita a bushe.

A ƙarshen hanyar, daga sama, akwai Specola, wata ƙaramar hasumiyar kallo da Fafaroma Pius na Shida ya sa aka gina a 1781. Daga tagoginta ake kallon hawan farko daga gefe, kuma idan rana ta bugi feshin, sau da yawa bakan gizo yakan bayyana.

Hanya ta biyu da ta uku gajeru ne, suna zagaya ƙasan magangarar ta kan gadoji da matakalan katako, ta uku tana kaiwa inda Velino da Nera ke haɗuwa. Ta huɗu tana tsallaken titi, a jikin tsaunin Pennarossa, kuma daga can ne ake ganin hawa ukun gaba ɗaya, don haka masu ɗaukar hoto suka fi son ta. Ta biyar tana sama, shimfiɗaɗɗiya ce, tana bi ta gefen tsofaffin magudanai da ragowar kayan tashoshin lantarki da aka jera a fili. Mai sha'awar tarihin wurin a nan zai ga yadda aikin injiniyoyi na zamani daban-daban ya hau kan juna. Ta shida tana ratsa daji ne, kuma ta fi dacewa da waɗanda suka saba hawan dutse.

Takalmi mai kama ƙasa wajibi ne, domin matakalan suna da santsi. Rigar ruwa ma tana da amfani ko da a tsakiyar zafi, ana kuma sayar da ta leda a wurin. Waya da kyamara suna buƙatar kariya daga feshi. Masu ciwon gwiwa ko zuciya da masu ƙananan yara za su fi samun sauƙi a dandalin ƙasa, inda ake ganin magangarar ba tare da hawa ba.

Abin da ke kewaye

Kilomita kaɗan daga garin Marmore akwai Tabkin Piediluco, na biyu a girma cikin tabkunan asali na Umbria bayan Trasimeno, inda 'yan wasan tseren kwale-kwale na ƙasar Italiya ke da cibiyar atisaye. A ƙasan magangarar kuma, ƙarfin ruwan Nera ya sa wurin ya zama matattarar masu wasan bin igiyar ruwa da kwale-kwalen roba, wasan da shi ma ya dogara ga sa'o'in sakin ruwa. Danshin da feshin ke bazawa ya raya ganyaye da gansakuka iri-iri a jikin dutsen, kuma yankin yana cikin gandun Kogin Nera da gwamnatin Umbria ke karewa.

A 2006 Italiya ta sanya Magangarar Marmore da kwarin Valnerina cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Hujjar da ta gabatar ta haɗa da tsofaffin ayyukan sarrafa ruwa da gidajen ibadar da ke kwarin, wato aikin mutane ne aka sa a gaba tare da kyawun wurin.

Idan sa'o'in da aka ware suka cika, ana sauke ƙofofin a hankali, rurin ya lafa, dutsen ya sake bayyana da ɗan ruwan da ake bari yana bin jikinsa. Sauran Velino yakan koma bututun Galleto, ya juya injuna, ya fito ya shiga Nera, ya ratsa Terni, ya haɗu da Tiber kusa da garin Orte, ya wuce ta tsakiyar Rum zuwa teku.